Samurai: Yadda dogaran fada suka mulki Japan kusan shekaru 700, da yadda aka soke su

A gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da aka yi a Katar a shekara ta 2022, Japan ta doke Jamus da ci 2 da 1, ta kuma maimaita wa Sifaniya haka. A lokacin masu bin gasar sun sha jin ana yi wa ƴan wasan kirari da "Samurai Blue", watau samurai masu shuɗiyar riga. Wasu kuwa a fina-finai suka san kalmar: mutum mai takobi biyu a ƙugu, ba ya gudu a fagen fama, ba ya cin amanar ubangidansa, in kuma abin kunya ya same shi ya kashe kansa.

Abin da tarihi ya nuna ya fi na fim faɗi. Samurai sun faro ne a matsayin barori masu makami, suka ƙwace mulki daga hannun waɗanda suka ɗauke su aiki, suka riƙe shi daga 1185 har zuwa 1868. Dogon zaman lafiya ya mayar da su ma'aikatan ofis da bashi ya yi wa katutu, daga ƙarshe kuma wasu daga cikinsu ne suka rusa matsayin da hannunsu. Cikin labarinsu akwai tambayar da ƙasashe da dama ke fama da ita har gobe: in hukuma ta damƙa tsaronta ga masu makami, wa ke riƙe da wa, kuma yaya za a yi da su ranar da yaƙi ya ƙare?

Daga barantaka zuwa mulki

Kalmar samurai ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar Japananci, "saburau", mai nufin yi wa babba hidima. Kusan ma'anar bara ko dogari ke nan. Japanawa suna kuma kiran su "bushi", watau mayaƙa.

A shekara ta 792, Sarkin Japan Kanmu ya soke tsarin ɗibar manoma aikin soja a mafi yawan lardunan ƙasar. Bayan shekaru 2 aka mayar da fada birnin da ake kira Kyoto a yau. Manyan fada suka zauna a birni suna cin amfanin gandayensu da ke can karkara. To amma gandu yana bukatar mai tsaro, haraji yana bukatar mai karɓa, ƴan fashi da ƴan tawaye suna bukatar wanda zai murƙushe su. Sai aka riƙa ba da wannan aiki ga masu hali na karkara, waɗanda ke da dawaki da makamai da yaran gida.

Sannu a hankali waɗannan gidaje suka taru ƙarƙashin manyan zuri'o'i biyu, Taira da Minamoto, dukkansu jinin sarauta ne da aka fitar daga layin gado. Da rikicin gadon sarauta ya ɓarke a fada a 1156, kowane ɓangare ya kira mayaƙa su kama masa. Mayaƙan suka shiga harkar fada, ba su sake fita ba. Taira no Kiyomori ya zama babban waziri a 1167, ya aurar da ɗiyarsa ga sarki, a 1180 kuma ya ɗora jikansa Antoku, yaro ƙarami, a kan gadon sarauta.

A wannan shekara yaƙi ya tashi tsakanin gidajen biyu. Ya ƙare a 1185 da wani gumurzu cikin jiragen ruwa a Dan-no-ura, inda aka gama da gidan Taira, kakar yaron sarki ta rungume shi ta faɗa teku da shi. Wanda ya yi nasara, Minamoto no Yoritomo, bai tuɓe gidan sarauta ba. Ya bar sarki a Kyoto da darajarsa da bukukuwansa, shi kuwa ya kafa tasa gwamnati a Kamakura, can gabas. A 1192 aka naɗa shi "shogun", watau babban sarkin yaƙi. Ana kiran irin wannan gwamnati "bakufu", ma'ana gwamnatin tanti, kamar wani abu na wucin gadi a sansanin yaƙi. A 1221 wani tsohon sarki, Go-Toba, ya yi yunƙurin maido da ikon fada, aka ci shi da yaƙi cikin ƴan makonni, aka kai shi zaman gudun hijira a tsibirin Oki. Daga nan kowa ya san inda iko yake.

Doki da baka kafin takobi

Duk da cewa da takobi aka san su a yau, samurai na farko maharba ne a kan dawaki. Sana'ar tasu ma "hanyar doki da baka" suke kiran ta. Tsawon bakansu ya wuce mita 2, kuma ba a tsakiya ake riƙe shi ba, can ƙasa-ƙasa ne. Sulkensu ƙananan sassan ƙarfe da fata ne da aka ɗaure da igiyoyin siliki, ga kwalkwali mai faɗin baki. Wanda ya taɓa ganin ƴan sulke da ƴan lifidi a hawan salla zai gane irin tsadar da kayan barde ɗaya ke da ita. Sai mai gona da masu noma masa ne ke iya ɗaukar nauyinsu. Takobi na ranar da kibau suka ƙare ne, ko mutum ya faɗo daga doki.

Dangantakar samurai da ubangidansa yarjejeniya ce: kai ka yi mini yaƙi, ni in tabbatar maka da gonarka, in ƙara maka daga ta abokan gaba. Don haka bayan an tashi daga fama mayaƙi yakan kawo kawunan waɗanda ya kashe a duba, a rubuta sunansa, a ba shi lada daidai da girman mai kan. In lada ya tsaya, biyayya ma takan yi rauni.

An ga haka bayan harin Mongol. Kublai Khan, wanda ya mulki Sin, ya aiko da rundunar jiragen ruwa sau biyu, a 1274 da 1281, zuwa gaɓar Hakata da ke tsibirin Kyushu. Tsakanin hare-haren biyu Japanawa sun gina katangar dutse mai tsawon kusan kilomita 20 a bakin teku. A karo na biyu samurai sun hana maharan samun wurin kafa sansani na makonni, sai wata guguwar teku ta zo ta farfasa jiragensu. Ita ce aka kira "kamikaze", watau iskar da alloli suka aiko.

Japan ta tsira, amma babu ƙasar da aka ci balle a raba ganima. Wani mayaƙi mai suna Takezaki Suenaga sai da ya sayar da dokinsa da sirdinsa ya yi guzurin zuwa Kamakura neman ladansa. Shi ya samu, da yawa ba su samu ba. Gunaguni ya yi ta taruwa har 1333, lokacin da gwamnatin Kamakura ta tura Ashikaga Takauji ya murƙushe wani tawaye, shi kuwa ya juya mata baya ya koma ɓangaren ƴan tawayen. Bayan shekaru 5 ya zama shogun da kansa.

Zamanin yaƙin basasa da zuwan bindiga

Daga 1467 zuwa 1477 aka yi yaƙin Onin, wanda ya ƙone mafi yawan birnin Kyoto. Ikon shogun ya zama suna kawai. Ƙasa ta rarrabu a hannun sarakunan yankuna da ake kira "daimyo", aka shafe fiye da shekaru 100 ana gwabzawa. Bara yakan kifar da ubangidansa, ɗa yakan kori ubansa. Yaƙi kuma ya sauya kama: maimakon ƴan ɗaruruwan barade, sai rundunoni na dubban dakarun ƙasa, akasarinsu ƴaƴan manoma, riƙe da dogayen masu.

A 1543 wasu ƴan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima ɗauke da bindigogi. Maƙeran Japan suka kwaikwayi ƙirar, cikin ƴan shekaru aka riƙa ƙera su da yawa. Samurai ba su ƙyamaci bindiga ba kamar yadda wasu fina-finai ke nunawa, rububinta suka yi. A Nagashino, a 1575, Oda Nobunaga da abokin ƙawancensa Tokugawa Ieyasu sun jera ƴan bindiga aƙalla 1,000 a bayan shingen itace, suka karya rundunar gidan Takeda wadda ta yi suna a ƙasar.

A fadar wannan Nobunaga ne wani ɗan Afirka ya yi aiki. Yasuke, kamar yadda Japanawa suka kira shi, ya iso ƙasar a 1579 tare da wani limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano. Nobunaga ya gan shi a 1581, ya ɗauke shi cikin mutanensa, ya ba shi gida da albashi da gajeren takobi. Wani marubuci Bafaranshe, François Solier, ya rubuta a 1627 cewa daga Mozambik ya fito. Yasuke yana Kyoto a 1582 lokacin da ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Nobunaga, Akechi Mitsuhide, ya ci amanar ubangidansa ya kewaye shi a wurin ibada na Honno-ji, inda Nobunaga ya mutu.

Wanda ya gaje shi, Toyotomi Hideyoshi, ɗan talakawa ne da ya taso daga ƙasa. Da ya hau, sai ya janye tsanin da ya taka. A 1588 ya ba da umarnin karɓe takubba da masu da bindigogi daga hannun manoma, da hujjar za a narka su a yi aikin wani babban gunkin Buddha. Daga nan aka ja layi: manomi ya tsaya a gona, mayaƙi ya riƙe makami. Don sama wa dubban mayaƙa abin yi da kuma burinsa na cin Sin, ya tura sojoji fiye da 150,000 Koriya a 1592. Yaƙin ya ƙare a 1598 ba tare da riba ba, bayan kisan ɗimbin fararen hula. Har yau akwai wani tudu a Kyoto, Mimizuka, inda aka binne hancin dubban mutanen da aka yanko daga can a matsayin shaidar aiki.

Bayan mutuwar Hideyoshi, Tokugawa Ieyasu ya ci yaƙin Sekigahara a watan Oktoba na 1600. Abin da ya taimaka masa shi ne wani kwamandan ɗaya ɓangaren, Kobayakawa Hideaki, ya sauya sheƙa ana tsakiyar fama. A 1603 Ieyasu ya zama shogun, ya zauna a Edo, birnin da ake kira Tokyo a yau.

Mayaƙa babu yaƙi

Gidan Tokugawa ya kawo abin da Japan ta daɗe ba ta gani ba. Bayan murƙushe tawayen Shimabara a 1638, ƙasar ta shafe fiye da shekaru 200 babu wani babban yaƙi. An taƙaita hulɗa da waje, an kuma ɗaure sarakunan yankuna, su kimanin 260, da wata dabara: daga 1635 wajibi ne kowane daimyo ya riƙa yin shekara ɗaya a Edo, shekara ɗaya a yankinsa, matarsa da magajinsa kuwa suna Edo dindindin kamar jingina. Kuɗin tafiya da tawaga da riƙe gida biyu sun cinye abin da zai iya tara runduna da shi.

Samurai, su da iyalansu, ba su wuce kashi 7 cikin 100 na al'umma ba. Matsayin ya zama na gado. Su kaɗai ke da izinin ɗaura takobi biyu, dogo da gajere, kuma doka ta ba su damar sare talakan da ya yi masu rashin kunya, kodayake akan yi bincike mai tsanani bayan haka. Amma an raba akasarinsu da gonaki, an tara su a biranen da ke kewaye da fadojin iyayen gidansu, ana biyan su albashi da shinkafa. Ma'aunin shi ne "koku", kimanin lita 180, kusan buhu 3 masu kilo 50, abin da ake lissafin zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Sai mai yankin da ke ba da koku 10,000 ko fiye ake kira daimyo.

Aikinsu ya koma na alƙalami: lissafin haraji, shari'a, gadin ƙofa, koyarwa. Yankuna suka buɗe makarantu domin ƴaƴansu, samurai suka zama cikin waɗanda suka fi kowa ilimi a ƙasar. Matsalar ita ce albashin ba ya ƙaruwa, rayuwar birni kuwa da kuɗi ake yin ta. Dole su kai shinkafarsu wurin dillalai, su ci bashi a kan ta baɗi. Ƴan kasuwa, waɗanda a tsarin hukuma su ne na ƙarshe a daraja, suka zama masu bin su bashi. A 1789 sai da gwamnati ta fitar da dokar yafe tsofaffin basussukan da dillalan shinkafa ke bin samurai na shogun. Ƙananan samurai da yawa sun koma haɗa laima da wasu ƙananan sana'o'in hannu a cikin gida don su ciyar da iyali.

A wannan zamani na zaman lafiya ne aka fi yin rubutu a kan yadda mayaƙi ya kamata ya rayu ya mutu. Littafin Hagakure, wanda ya shahara wajen ɗaukaka mutuwa saboda ubangida, maganganun Yamamoto Tsunetomo ne da aka rubuta a farkon ƙarni na 18, mutumin da bai taɓa halartar yaƙi ba. Haka ma labarin mayaƙa 47 da suka rasa ubangida. A 1701 aka tilasta wa ubangidansu Asano ya kashe kansa ta hanyar "seppuku", watau farke ciki, saboda ya zare takobi a fadar shogun. Bayan kusan shekaru 2 suka ɗauki fansa a kan Kira, mutumin da suka ɗora wa laifi. Jama'a sun yaba masu, amma hukuma ta yanke wa 46 daga cikinsu hukuncin seppuku, don a wurinta doka tana gaba da biyayya ga ubangida.

Waɗanda suka soke kansu

A 1853 wani kwamandan sojan ruwan Amurka, Matthew Perry, ya shigo mashigin tekun Edo da jiragen yaƙi 4, ya bukaci a buɗe tashoshin ruwa. Gwamnatin da sunanta na mayaƙa ne ta kasa hana shi. A 1858 ta sa hannu kan yarjejeniyoyin da suka fifita Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Holan. Matasan samurai na yankunan Satsuma da Choshu suka harzuƙa, suka nemi korar baƙi da ƙarfi. Jiragen Ingila suka yi wa Kagoshima ruwan wuta a 1863, na ƙasashe huɗu kuma, har da Faransa, suka ragargaza igwogin Shimonoseki a 1864. Darasin ya shiga: takobi ba zai tare igwa ba.

Yankunan biyu suka sayi makaman zamani, suka haɗa kai, suka kifar da shogun a 1868 da sunan maido da mulki ga matashin sarki Meiji. Faransa tana da hannu a ɗaya ɓangaren: Napoleon na Uku ya aiko da tawagar horar da sojojin shogun a 1867, kuma ɗaya daga cikin hafsoshinta, Jules Brunet, ya zauna tare da masu biyayya ga shogun har faɗansu na ƙarshe a Hakodate a 1869.

Sabbin shugabannin, irin su Okubo Toshimichi da Yamagata Aritomo da Ito Hirobumi, akasarinsu ƙananan samurai ne. Sun duba suka ga albashin gado na samurai yana cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin gwamnati, ga shi ba za su iya tsare ƙasa daga Turawa ba. A 1871 aka soke yankunan daimyo aka maye su da lardunan gwamnati. A 1873 aka kafa dokar aikin soja ga maza ba tare da duban asali ba, ɗan manomi ya ɗauki bindiga. A 1876 aka hana yawo da takobi, aka kuma mayar da albashin gado takardun bashi na gwamnati. Wasu sun jefa nasu a kasuwanci sun karye. Wasu sun zama ƴan sanda da malaman makaranta da hafsoshi da ma'aikata. Ito Hirobumi ya zama firaministan Japan na farko a 1885.

Ba kowa ya haƙura ba. Saigo Takamori, wanda ya jagoranci sojojin da suka kifar da shogun, ya bar gwamnati a 1873 ya koma Kagoshima. A watan Fabrairu na 1877 dubban tsofaffin samurai suka bi shi suka yi tawaye. Su ma da bindigogi suka yi yaƙi har harsashi ya ƙare masu. Gwamnati tana da wayar tangaraho da jiragen ruwa masu tururi da ƴaƴan manoman da aka horar. Ranar 24 ga Satumba 1877, a tudun Shiroyama, Saigo da ƴan ɗaruruwan da suka rage masa suka fuskanci dubun-dubatar sojoji, a nan ya mutu. Bayan watanni 8 wasu tsofaffin samurai suka kashe Okubo, ɗan garin su Saigo kuma abokinsa tun yarinta, wanda ya tsaya kan murƙushe tawayen.

Sunan da ya rage

Bayan an soke samurai ne sunansu ya fi bazuwa. Wajen 1900 Nitobe Inazo ya wallafa littafinsa kan "bushido", watau hanyar mayaƙi, da Turancin Ingilishi, don ya nuna wa Turawa cewa Japan tana da nata tsarin tarbiyya. Daga baya gwamnatocin soja suka ɗauki kalmar suka cusa ta a makarantu da barikoki, suka mayar da ita biyayya ga sarki har mutuwa. Dokar ladabtar da sojoji ta 1941 ta haramta masu yarda a kama su da rai. Daga watan Oktoba na 1944 aka riƙa tura matasan matuƙa jiragen sama su faɗa kan jiragen ruwan Amurka, aka laƙaba masu sunan guguwar 1281, kamikaze. Dubbai sun mutu haka. Samurai na tarihi kuwa, kamar yadda Takauji da Kobayakawa suka nuna, sukan ja da baya, su yi sulhu, su sauya ubangida in lissafi ya sauya.

Kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1947 ya daidaita ƴan ƙasa a gaban doka, kuma ayarsa ta 9 ta ce Japan ta yi watsi da yaƙi a matsayin hanyar warware rikici tsakanin ƙasashe. Abin da ya rage na samurai yana gidajen tarihi, da fina-finai irin na Akira Kurosawa, da wasannin takobin gora da harbin baka, da rigar ƴan ƙwallo.

Shi kuwa Saigo, gwamnatin da ta yaƙe shi ta yi masa afuwa a 1889. A 1898 aka kafa mutum-mutuminsa a lambun Ueno da ke Tokyo, inda yake tsaye har yau, babu sulke, babu kakin soja, sanye da tufafin zaman gida, yana riƙe da igiyar karensa.